Sayen jirgin ruwa na hannu: A bar masa tsohon sunansa ko a raɗa masa sabo?

Duk wanda ya saba ratsa tashoshin motocin da ke unguwar Utako a Abuja ya san yadda motar hannu take sauya kama. Bas ce za ta iso daga Turai ta hanyar Legas ko Kwatano, jikinta ɗauke da sunan wani gidan burodi ko kamfanin gyaran famfo na ƙasar Jamus ko Holan. Kafin mako ya zagayo mai fenti ya shafe rubutun, ya rangaɗa sunan sabon mai ita, wani lokaci har da kirari a baya. Babu wanda abin yake damu, domin hukuma ba da wannan rubutu take gane mota ba. Lambar da aka maƙala mata da wadda aka buga a jikin ƙarfenta su ne shaidarta.

Tafiyar 'yan mintoci daga nan, a bakin Tafkin Jabi, maganar takan sha bamban. Ƙananan jiragen shaƙatawa irin waɗanda ake gani a can, akan shigo da irinsu na hannu daga ƙetare, kuma sau da yawa sukan zo da sunan da mai su na farko ya raɗa musu. Shi kuwa sunan jirgin ruwa ya wuce ado. Yana cikin takardar rajista, yana cikin takardar inshora, da shi ake kiran jirgi ta rediyo, da shi kuma ake shigar da ƙara a kansa a kotu. Wannan ne ya sa tambayar da mai sayen ƙaramin jirgi yake yi wa kansa ta zama ita ce wadda kamfanonin sufuri da rundunonin sojin ruwa na duniya suke fuskanta: a bar sunan ko a canza?

Amsar a taƙaice ita ce, addini bai hana ba, doka ma ta yarda, kuma Najeriya ta shafe fiye da shekara 60 tana canza wa jiragen da ta saya suna. Sharaɗin guda ne: kada sabon suna ya zama mayafin da zai rufe shekarun jirgin, da bashin da ake bin sa, da haɗurran da ya taɓa yi.

Yadda Chase ya koma Thunder

Babban misali yana hannun Rundunar Sojin Ruwan Najeriya, wadda hedikwatarta take a Abuja. An kafa rundunar a shekarar 1956, kuma a 1959 Birtaniya ta miƙa mata wani jirgin share nakiyoyin ruwa mai suna HMS Hare, wanda aka ƙera a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Nan take aka sauya masa suna zuwa Nigeria. A wannan shekara ce kuma aka kafa kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda ya fara aiki da jiragen dakon kaya na hannu, ya sa musu sunayen manyan mutanen tarihin ƙasar nan: Dan Fodio, da Oduduwa, da King Jaja. A jajibirin samun 'yancin kai, goge sunan Turawa daga goshin jirgi wata hanya ce ta shelanta wa tashoshin duniya cewa sabuwar ƙasa ta shigo teku.

Daga baya rundunar ta ɓullo da wani tsari mai ban sha'awa: a ɗauki suna guda, a rarraba shi a harsunan ƙasa daban-daban ga jiragen da suke iri ɗaya. Akwai Dorina da Otobo da Erinomi da Enyimiri, duka ma'anarsu dorinar ruwa. Akwai Damisa da Ekpe da Agu. Jirgin da aka daɗe ana kallo a matsayin jagoran rundunar, wanda aka ƙera a birnin Hamburg na Jamus, da sunan Republic aka fara aikinsa, amma kafin ya kama aiki a 1982 ya riga ya koma Aradu.

Wannan tsari aka bi lokacin da Amurka ta ba Najeriya wasu jirage huɗu na dakarun tsaron gaɓar tekunta a shekarun 2002 da 2003. A can sunayen tsirrai suke ɗauke da su: Sedge, Cowslip, Firebush da Sassafras. Da suka zo nan sai suka zama Kyanwa, Ologbo, Nwamba da Obula. An ƙera su tun a tsakanin 1942 da 1944, wato suna da kimanin shekara 60 a ranar da aka yi musu sabon suna.

A watan Mayun 2011 aka miƙa wa Najeriya jirgin Chase a garin Alameda na jihar Kalifoniya. Tsawonsa mita 115 ne, ya fara aiki a 1968, kuma ya ci sunan Salmon Chase, sakataren baitulmalin Amurka a zamanin shugaba Abraham Lincoln. A watan Janairun 2012 aka ƙaddamar da shi a Legas da sunan Thunder, wato tsawa, kuma a 2013 ya yi doguwar tafiya zuwa birnin Sidni na Ostareliya domin halartar faretin jiragen yaƙi na ƙasa da ƙasa. Ɗan'uwansa Gallatin ya biyo baya a watan Mayun 2014, aka ƙaddamar da shi a watan Fabrairun 2015 da sunan Okpabana. Sauran 'yan'uwansu sun tafi ƙasashen Filifins da Bangaladash da Biyetnam da Siri Lanka, kowanne da sabon suna.

Abin lura a nan shi ne babu wanda ya ɓoye asalin waɗannan jirage. An yi bikin miƙa su a bainar jama'a, shekarar da aka ƙera kowanne sananniya ce, kuma injiniyoyin da suke kula da su sun san da tsofaffin ƙarafa suke aiki. An canza sunan, an bar tarihin a buɗe.

Daga ina camfin ya samo asali?

A tsakanin matuƙan jiragen Turai da Amurka akwai tsohon camfi cewa canza wa jirgi suna yana jawo masifa. Tatsuniyar da ake bayarwa ita ce wai wani abin bautar Girkawa da Rumawan dā, wanda suke ɗauka shi ne mai mulkin teku, yana riƙe da littafin sunayen dukan jirage, don haka sauya suna ba da saninsa ba yaudara ce da ba ya yafewa. Har yau wasu masu jiragen shaƙatawa sukan yi ɗan biki: a kankare tsohon sunan daga ko'ina, a zuba giya a ruwa, sannan a bayyana sabon.

Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da jirgin Endurance na Ernest Shackleton. An ƙera shi a Norway da sunan Polaris, wato tauraron arewa. Shackleton ya saye shi a 1914, ya sauya masa suna, ya nufi yankin ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya. Ƙanƙara ta ritsa da jirgin, ta matse shi har ya nutse a watan Nuwamban 1915. Da aka gano gawar jirgin a watan Maris na 2022, a zurfin mita 3,008, sabon sunan yana nan raɗau a bayansa, a ƙarƙashinsa kuma ga tauraron da ya gada daga tsohon sunan. Sukan kuma ambaci General Belgrano na Ajantina, wanda a da shi ne Phoenix na Amurka, da Birtaniya ta nutsar a yaƙin 1982.

Sai dai ƙanƙara ce ta karya Endurance, makami ne kuma ya nutsar da Belgrano. Titanic bai taɓa canza suna ba, ya nutse a tafiyarsa ta farko a 1912. A ɗaya ɓangaren kuma, jirgin Liemba da ke Tafkin Tanganyika, wanda Jamusawa suka ƙera da sunan Graf von Goetzen kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya samu sabon suna a 1927, ya kuma ci gaba da jigilar fasinja na tsawon gomman shekaru.

Duk da haka camfin bai rasa tushe na hankali ba. A zamanin da babu kwamfuta, suna shi ne kaɗai abin da matuƙi ko ɗan kasuwa zai riƙe ya binciki halin jirgi. Idan aka ji jirgi ya sauya suna haka kawai, dole a tambaya: me ake ɓoyewa? Ruɓaɓɓen katako ne, ko bashi, ko sata? Tsoron da aka lulluɓe da tatsuniya, a asalinsa tsoron zamba ne.

Mahangar addini da al'ada

Ga Musulmi, jingina sharri ga suna ko rana ko tsuntsu yana cikin camfin da shari'a ta hana, kamar yadda zuba wani abu a ruwa domin neman yardar abin da ke cikinsa ya saɓa wa tauhidi. Sa wa abin hawa suna kuwa abu ne sananne tun zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda taguwarsa ake kira Alƙaswa, alfadarinsa kuma Duldul. Ya kuma tabbata cewa yakan sauya sunan da bai dace ba zuwa wanda ya fi kyau, kamar yadda ya mayar da Barra zuwa Zainab. Saboda haka wanda ya sayi jirgi ya tarar da sunan gunki ko na batsa ko na giya a jikinsa, yana da kyakkyawan dalilin gogewa.

Inda shari'a ta tsananta shi ne a wajen ɓoye aibin kaya. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa mai sayen da ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayar da kayan ya karɓi kuɗinsa. Wanda ya shafe sunan jirgin da aka san ya taɓa kifewa domin kada mai saye ya gane shi, laifinsa algus ne, kuma wannan ya fi kowane camfi nauyi.

Bahaushe ma bai ɗauki suna da wasa ba. Ya ce suna linzami ne, yana kuma yanka rago ran bakwai domin raɗa shi a gaban shaidu. Amma shi ne kuma ya ƙirƙiro maganar canza wa tuwo suna, domin ya nuna cewa kiran abu da wani laƙabi ba ya sauya abin da ke cikin kwano.

Abin da doka ta tanada

A Najeriya hukumomi biyu ne suke da ruwa da tsaki. Jiragen da suke shiga teku suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Sufuri da Tsaron Teku ta Ƙasa, NIMASA, wadda ofishin rajistar jirage yake hannunta bisa Dokar Jiragen Kasuwanci ta 2007. Jiragen koguna da tafkuna kuwa suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, NIWA, wadda aka kafa da dokar soja ta 1997, hedikwatarta kuma tana Lakwaja. Dukansu biyu yanzu suna ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa da aka ƙirƙiro a 2023.

Ƙa'idar da ƙasashe masu rajistar jirage suke bi kusan iri ɗaya ce. Jirgin da ke da rajista ba a sauya masa suna sai da amincewar hukuma. Ana bincikawa a tabbatar babu wani jirgin da ke amfani da sunan, a gyara littafin rajista, a ba da sabuwar takardar shaida, sannan a rubuta sunan a gefuna biyu na goshin jirgin da kuma bayansa, tare da sunan tashar da aka yi masa rajista. Idan daga wata ƙasa aka sayo shi, sai an kawo shaidar cewa waccan ƙasa ta cire shi daga littafinta, domin jirgi ba ya tafiya da tutar ƙasa biyu a lokaci guda.

Bayan suna akwai abin da ba ya gogewa. A 1987 Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya, IMO, ta ɓullo da tsarin ba kowane babban jirgi lamba mai alƙaluma bakwai, kuma daga ranar 1 ga Janairun 1996 ya zama tilas ga jiragen fasinja masu girman tan 100 zuwa sama da na kaya masu tan 300 zuwa sama da suke zirga-zirga tsakanin ƙasashe. Wannan lamba tana tare da jirgi tun daga ranar da aka ƙera shi har ranar da za a yayyanka shi. Daga 2004 kuma aka wajabta wa irin waɗannan jirage riƙe wata takarda da ke jera duk sunayen da suka taɓa amsawa, da tutocin da suka ɗaga, da mutanen da suka mallake su. Kamar mutum ne da ya je kotu ya yi rantsuwar canza suna, ya buga a jarida, amma lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa tana nan yadda take.

Ƙananan jiragen da ake ƙerawa a masana'anta ma suna da tasu shaidar. A Amurka, tun 1972 ake buga wa kowanne lamba mai haruffa da alƙaluma 12 a jikin bangon bayansa ta hannun dama, wadda take nuna kamfanin da ya ƙera shi da lokacin da aka ƙera. Na Turai suna da makamanciyarta. Injin ma yana da tasa lambar.

Cikar takardu ba ƙaramin abu ba ne. Jirgin sintiri na ƙasar Ailan mai suna Emer an yi gwanjonsa a watan Oktoban 2013 a kan Yuro 320,000, wani ɗan kasuwar Najeriya ya saya. Da jirgin ya iso, rundunar sojin ruwa ta tsare shi a kan batun izinin shigo da tsohon jirgin soja. A watan Fabrairun 2015 aka ƙaddamar da shi a matsayin jirgin horarwa na rundunar, da sunan Prosperity.

Lokacin da sabon suna ya zama mayafi

A ranar 11 ga Fabrairun 2016 'yan fashin teku suka kama wani jirgin dakon mai mai suna Maximus a tekun da ke kusa da Abijan, da ma'aikata 18 a cikinsa. Daga cikin dabarun da suka yi har da shafe sunansa, suka rubuta Elvis 5. Sojojin ruwan ƙasashe da dama suka yi ta bin sawunsa suna miƙa wa juna labari, har dakarun Najeriya suka cim masa a kusa da tsibirin Sao Tome bayan fiye da mako guda. An kama mutum shida, ɗaya ya mutu a musayar wuta. Jirgin da ya jagoranci farautar shi ne Okpabana, tsohon Gallatin. A wannan dare jirage biyu masu sabon suna suka yi arba a tsakiyar teku: ɗaya an sauya masa da rana tsaka a gaban shugaban ƙasa, ɗaya kuma a ɓoye da gwangwanin fenti.

Wani misalin shi ne Exxon Valdez, wanda ya yi karo da duwatsu a gaɓar Alaska a watan Maris na 1989, ya malalar da gangunan ɗanyen mai dubu ɗaruruwa. Bayan an gyara shi ya zama Exxon Mediterranean, sannan SeaRiver Mediterranean, daga baya Dong Fang Ocean, a ƙarshe Oriental Nicety. Dokar da Amurka ta yi a 1990 ta haramta masa komawa mashigin ruwan da ya gurɓata, kuma babu sunan da ya ɗage masa wannan takunkumi. Ko da aka kai shi Alang ta ƙasar Indiya a 2012 domin a yayyanka, sai da tarihinsa ya riga shi isa, magana ta kai Kotun Ƙolin ƙasar kafin a yarda a karɓe shi.

Bashi yana bin jirgi

Akwai wata ƙa'ida a dokar teku da mai sayen mota bai saba da ita ba. Wasu basussuka a jikin jirgin suke manne, duk wanda ya mallake shi. Dokar Hurumin Shari'ar Teku ta 1991 ta lissafa su: albashin kyaftin da ma'aikata, ladan waɗanda suka ceto jirgin daga haɗari, diyyar ɓarnar da jirgin ya yi, da kuɗin da kyaftin ya kashe daga aljihunsa domin jirgin. Mai bin irin wannan bashi yana iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ya kai ƙarar jirgin kansa, kotu ta ba da umarnin a tsare shi a tasha. Sabon mai shi yana iya rantsuwa cewa bai san da maganar ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma jirgin ba zai motsa ba sai an ajiye jingina ko an biya.

Haka nan idan an ci bashin banki da jirgin, aka rubuta jinginar a littafin rajista. A nan ne tsohon suna yake da amfani ga mai saye, domin da shi da lambar jirgin zai bincika kafin ya saki kuɗinsa. Wanda ya biya kafin ya bincika ya yi cinikin biri a sama.

Inda abin ya shafi rai

Ga mafi yawan jama'ar arewa, jirgin ruwa shi ne na katakon da ke fito a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Kainji da madatsun ruwa, wanda yake kai mutane kasuwa da gona da biki. Galibin waɗannan jirage an fi sanin su da sunan mai su ko na matuƙinsu. Idan aka sayar da jirgi daga wannan mashaya zuwa waccan, sai ya ɗauki sunan sabon mai shi, a shafa masa fenti, tarihinsa ya tsaya a garin da ya baro.

A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja ya nufi Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar ruwa da mutane fiye da 150, kuma jami'ai suka danganta haɗarin da tsufan jirgin da yawan lodi. A ƙarshen watan Nuwamban wannan shekara jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a jihar Kano, aka rasa rayuka aƙalla 29, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 da suke dawowa daga ɗaurin aure suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara.

Babu wanda ya ce sauya suna ne ya jawo waɗannan masifu. Abin da suka tona shi ne rashin rubutaccen tarihi. Fasinjan da ya taka jirgi a bakin kogi ba shi da hanyar sanin shekarar da aka ƙera shi, ko sau nawa aka toshe masa ɓaraka, ko mutum nawa aka yarda ya ɗauka. Abin da idonsa yake gani shi ne fenti, sabon fenti a kan ruɓaɓɓen katako kuwa kyan ɗan maciji ne. Yanzu da hukumomi suke kira da a maye gurbin jiragen katako da na zamani, tsadar sababbi za ta tura masu fito da yawa zuwa kasuwar na hannu. Idan lamba da takarda ba su biyo kowane jirgi ba, za a iya sayen matsalar wata ƙasa a raɗa mata sunan gida.

Yaushe ya fi kyau a bar sunan?

Wani lokaci tsohon suna dukiya ne. Jirgin Cutty Sark da aka ƙera a 1869 domin dakon ganyen shayi, an sayar da shi ga wani kamfanin Fotugal a 1895, ya koma Ferreira. A 1922 wani kyaftin ɗan Ingila mai suna Wilfred Dowman ya sake sayo shi, ya mayar masa da sunansa na asali. Yau yana ajiye a Greenwich ta birnin Landan, masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su gan shi, kuma sunan ne yake jawo su.

Haka abin yake ga ƙaramin ɗan kasuwa. Jirgin fiton da fasinja suka sani da aminci, sunansa wani ɓangare ne na abin da aka saya. Barin sunan yana kuma rage wahala da kashe kuɗi, tunda ba sai an sake takardu da rubuce-rubucen jikin kayan ceto ba. A gefe guda, canji yana da hujja idan sunan ya ci karo da addini ko tarbiyya, ko na iyalin tsohon mai jirgin ne, ko wani jirgin yana amfani da shi, ko kuma yana da wuyar faɗa. Sunan da za a kira ta rediyo ko ta waya a lokacin da ruwa yake shiga jirgi, gara ya zama gajere, wanda za a ji sau ɗaya a gane.

Ga wanda ya yanke shawarar canzawa, tsarin da ya fi aminci shi ne ya fara da bincike kafin fenti. Ya karɓi takardar ciniki mai ɗauke da tsohon sunan da lambar jikin jirgin da ta injin, a gaban shaidu. Ya gwada lambobin da ke takarda da waɗanda ke jikin jirgin, ya guji wanda aka kankare wa lamba. Ya tambayi hukumar da ta yi wa jirgin rajista ko akwai jingina a kansa. Ya sa masani ya fitar da jirgin daga ruwa ya duba cikinsa da ƙasansa. Bayan haka ne zai nemi izinin sabon suna, ya sanar da kamfanin inshora, ya gyara bayanan rediyo da na'urar nuna inda jirgi yake idan akwai, ya sake rubutun da ke jikin rigunan kariya da sauran kayan ceto, domin idan aka tsinci ɗaya a ruwa masu ceto su san jirgin da suke nema. Tsofaffin takardun kuma ya adana su, ya miƙa wa duk wanda zai saya daga hannunsa.

Thunder ya haura shekara 55 da fara aiki. Goshinsa yana ɗauke da sunan da Najeriya ta ba shi, amma duk injiniyan da zai nemo masa kayan gyara sai ya koma ga zanen da aka yi wa Chase. Mai ƙaramin jirgi a Tafkin Jabi da mai fito a Yawuri suna da 'yancin kiran jirginsu da sunan da ransu yake so, su kuma yi addu'ar Allah ya sa albarka. Haƙƙin da ke kansu shi ne wanda zai hau, da wanda zai saya nan gaba, su iya sanin wane jirgi ne wannan, daga ina ya fito, kuma shekararsa nawa a cikin ruwa.